Zamani Riga: Suturar Mata a Zamanin Sarauniya Biktoriya da Alƙalamin Marubutanmu

A ɗaya daga cikin zaman karatun da mukan yi a nan Wudil, wani matashi cikin 'yan'uwanmu ya karanta mana babi biyu na littafin da yake kan rubutawa. Ya gina labarin ne a kan zamanin Basasar Kano, wato tsakanin 1893 da 1895, lokacin da Yusufawa suka bar birni suka yi sansani a Takai. Tauraruwar labarin 'yar wani attajiri ce a wani gari da ke bakin kogin nan namu, ana shirin kai ta ɗakin miji, ga kuma yaƙi ya tunkaro. Haƙiƙa yaron yana da baiwa. Hausarsa tsaf, zancen da ya sa a bakin mutanensa ya zauna daram, kuma da ya zo inda dawaki suke ƙetare kogi sai da ɗakin ya yi tsit. Amma da aka zo ranar kamu, sai ga amarya ta fito cikin leshi ruwan hoda, riga da siket, ta kafa gwaggwaro, ta taka takalmi mai tsini, ga akwatunan lefe saiti guda an jere a tsakar gida. Wata dattijuwa da ke cikinmu, tsohuwar malamar makaranta, ta yi murmushi ta tambaye shi ko a wace mota aka kawo akwatunan.

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da muka koma gida sai abin ya tsaya mana a rai, domin kuwa laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu ma da muka yi dariyar, da za a ce kowa ya tashi ya faɗi abin da amaryar nan ya kamata ta ɗaura, da kaɗan ne za su kai labari. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu yi tsokaci a kan sutura a cikin ƙagaggen labari, mu ɗauki zamani ɗaya, mu duba yadda matan wata ƙasa suka yi ado a cikinsa da yadda marubutansu suka ci moriyar adon, sa'an nan mu waiwayo gida. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Adon matan Ingila

Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila a 1837, ta rasu a 1901. Idan muka auna da namu tarihin, ta hau ne Sarkin Kano Ibrahim Dabo yana kan karaga, ta kuma rasu a zamanin Sarki Alu, shekara biyu kafin Turawa su ci Kano a 1903. Ke nan duk labarin da marubucinmu zai gina a kan Kano ta Dabo, ko ta Abdullahi Maje Karofi, ko ta Basasa, zamaninsa ɗaya da litattafan su Charles Dickens waɗanda da yawa daga cikinmu muka karanta a makaranta.

A wancan zamani, matar mai hali a Ingila ba ta sa abin da ta ga dama. Kowane sashe na yini da tufarsa. Da safe riga mai rufe wuya da dogon hannu, in za a fita ziyara a sake wata, in kuwa dare ya yi za a tafi liyafa ko rawa, sai rigar siliki mai faɗin wuya wadda ta bar kafaɗu a waje, da safar hannu. A ƙarƙashin rigar akwai wata ɗamara mai tauri da ake ƙarfafawa da ƙashi ko ƙarfe, a ja igiyarta ta baya a matse ƙugu. Da farko fatari ake jibgawa ɗaya kan ɗaya domin siket ya buɗe. A 1856 aka fito da wani keji na waya da suke kira kirinolin, wanda mace ke ɗaurawa a ƙugu ta saki siket a kansa, sai ka gan ta kamar an kife akurkin kaji. Faɗinsa ya sa shiga ƙofa ya zama aiki, kuma da yake da wuta suke ɗumama ɗakunansu, mata da yawa sun rasa rayukansu saboda gefen siket ya lashi wuta ba su ankara ba. Daga wajen 1870 sai aka daina buɗa siket ta ko'ina, aka koma tara shi a baya bisa wani gammo da ake ɗaurawa a bayan ƙugu. Gammon ya ɓace na ɗan lokaci, ya dawo a shekarun 1880, sa'an nan a shekarun 1890 yayi ya koma kan hannun riga mai kumburi. Saboda haka wanda ya san kan abin, da ganin hoton mace zai iya gaya maka shekarun da aka ɗauke shi.

Akwai kuma tufafin da al'ada ta wajabta. Ranar da za a gabatar da budurwa 'yar manya a gaban Sarauniya, tilas rigarta ta kasance da doguwar jela mai jan ƙasa, a kanta kuma a soka farin gashin jimina. A 1840 Biktoriya ta auri Yarima Albat cikin farar riga. Ba ita ta fara ba, amma daga kanta ne abin ya zama yayi, ya bi duniya, har ya iso ɗakunan dina na Kano inda amarenmu ke sa shi a yau. Da mijin nata ya rasu a 1861, sai ta shiga baƙaƙen kaya, ba ta fita daga cikinsu ba har ta bar duniya, kusan shekara 40. Sauran matan da mazansu suka mutu kuwa, al'ada ta ɗora musu wajen shekara biyu ko fiye, a fara da baƙi wuluk marar sheƙi, can daga baya a sassauta zuwa ruwan toka ko shuɗi-shuɗi mai ratsin ja.

Wannan ado yana da masu biyan kuɗinsa da jikinsu. Mafi yawan audugar da masaƙun Manchesta ke saƙawa bayi ne suke noma ta a kudancin Amurka, har zuwa yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865. A Landan kuwa 'yan mata maɗinka ne ke kwana a zaune. A 1863 jaridu suka ɗauki labarin wata mai suna Mary Ann Walkley, 'yar shekara 20, wadda ta mutu bayan ta yi sama da awa 26 tana ɗinki ba hutawa, domin a gama rigunan da manyan mata za su sa a wata liyafa. Matan da ke sa kayan ma ba duka ne suka yi shiru ba, don a 1881 wasu suka kafa ƙungiya a Landan ta neman a sauƙaƙa wa mace nauyin tufafi da matsin ƙugu.

Yadda marubutansu suka sa tufa aiki

Abin da ya shafe mu a matsayinmu na marubuta shi ne yadda masu alƙalami na wancan zamani suka yi da wannan sutura. Bari mu kawo misali biyu.

A cikin Great Expectations na Dickens, wanda aka kammala bugawa a 1861, akwai wata mata, Mis Habisham, wadda ango ya yaudara a ranar ɗaurin aure. Tun daga sa'ar da saƙon ya iske ta ba ta sake tuɓe rigar amarcin ba. Shekaru suka shuɗe, farar riga ta koma rawaya, jikin da ke cikinta ya bushe, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a kan tebur, domin tana cikin sa shi ne labarin ya zo. Marubucin bai buƙaci dogon bayani a kan baƙin cikinta ba. Mai karatu yana ganin rigar ya gama fahimtar matar. Kuma rigar nan ce daga ƙarshe ta kama da wuta ta zama sanadin ajalinta.

A cikin Jane Eyre na Charlotte Brontë kuwa, wanda ya fito a 1847, yarinya ce marainiya, malamar gida, maigidan attajiri ya nemi aurenta. Ya kai ta kantin siliki yana so ya zaɓa mata launuka masu ɗaukar ido, ita kuwa ta dage sai baƙi da ruwan toka. Wanda ya karanta a gurguje zai ce gardama ce a kan yadi. Wanda ya natsu zai ga cewa yarinyar tana gudun kada dukiyarsa ta mayar da ita abin da ya saya. A wannan ɗan ciniki na kanti aka nuna mana halin mutum biyu da irin zaman da za su yi.

A duka misalan, in ka cire tufar labarin ya gurgunta. Wannan shi ne ma'aunin da muke so 'yan'uwa su riƙe.

To, mu fa a nan gida?

Kada wani ya ɗauka cewa su suna da abin faɗa ne saboda suna da sutura, mu kuwa babu. A watan Fabrairu na 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne sana'ar tufafi. Ya rubuta cewa kayan da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu ta yamma, ya kuma ƙiyasta kuɗin abin da ake fitarwa a shekara da cewa bai kasa wuri miliyan 300 ba. Wato a lokacin da matan Landan ke jibga fatari, mata daga bakin hamada har ƙetarenta zanen Kano suke ɗaurawa.

Mace a wancan zamani, mafi yawa, ba riga take sawa ba, zane take ɗaurawa a ƙirji, da mukuru ko fatari a ciki, da fatala a ka. Matar aure in za ta fita ta ƙara wani zane ta lulluɓa. Amma a cikin wannan abu da ake gani kamar mai sauƙi akwai daraja hawa-hawa. Akwai fari, saƙar gida, na yau da kullum. Akwai saƙi mai zanen zabo, baƙi da fari a gauraye. Akwai bunu, akwai gwado mai kauri. Akwai tsamiya, wadda ake samun zarenta daga saƙar wasu tsutsotsi na daji. Akwai barage mai ratsin jan alharini. A sama da su akwai turkuɗi, wanda ake haɗawa da 'yan siraran ƙwarya masu yawa, a tsoma shi a baba sau da yawa har ya yi baƙi, a kai mabuga a buga shi da shuni har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Garin Kura ya yi suna a wannan aiki. Ga kuma abin da ke biye da zane: murjani da tsakiya a wuya, mundaye a hannu, jigida a ƙugu, tozali a tandu, lalle a hannu da ƙafa, fure da goro a haƙori, doka a ka an shafe ta da shuni.

Kafin zane ya kai ga ƙirjin amarya ya ratsa hannu da yawa. Mata ne ke gurzar auduga su cire gurya, su shiɓe ta, su zauna da mazari da taskira da alli su kaɗa zare. Masaƙi ya saƙa ƙwarya, maɗinki ya haɗa da allura, marini ya rina a karofi, mabugi ya buga. Matar kulle da kaɗi take samun 'yan kuɗinta, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. A rinjin masu hali kuwa bayi ne ke noman audugar da baban. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta kuma ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga shi a 1954, ta yi bayanin irin wannan zama na rinji a kudancin ƙasar Kano da bakinta. Ashe ke nan turkuɗinmu ma, kamar silikin Landan, yana da masu biya da jikinsu.

Mu ma muna da tufar da al'ada da addini suka tsara. Mai takaba takan bar ado wata huɗu da kwana goma, ba lalle, ba tozali, ba turare. Muna da tufar muƙami ta mata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, idan za ta naɗa jaji, wato jagorar matan ƙauye masu zuwa ɗaukar karatu da ake kira 'Yan Taru, takan ba ta malfa ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Malfa kuwa a Gobir alama ce ta Inna, shugabar 'yan bori. Nana ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani, ta juya ma'anarta zuwa ga ilimi. Duk wadda aka hango da malfa tana gaban ayarin mata, an san ko wace ce, an san inda ta nufa, ba mai tare mata hanya. Wane marubuci ne zai ce wannan bai isa a gina babi guda a kansa ba?

Zaren da ya haɗa ƙasashen biyu

Wani abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, duniyoyin nan biyu ba a rabe suke ba. Barth ya tarar da yadin Manchesta a kasuwar Kano, da duwatsun ado na Italiya, da allurai da madubai na Jamus, duk raƙuma sun ƙetaro da su ta hamada. Jan alharinin da ake ratsa barage da shi ta Tarabulus yake zuwa. Ta wannan hanya kuma gashin jimina yake fita daga Kano da Barno zuwa Tarabulus, daga can a wuce da shi kasuwannin Turai, musamman a shekarun 1870 da 1880 lokacin da yayinsa ya kai ƙololuwa. Mai yiwuwa ne ƙwarai a ce gashin da wata baturiya ta soka a ka ranar liyafa, ta hannun wani fatake na Kano ya bi.

Har ma akwai Bahaushen da ya ga Ingilar Biktoriya da idonsa. Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi can a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, aka buga a cikin littafin Magana Hausa na 1885, ya kuma ƙare rayuwarsa a Nasarawa ta Kano a 1912. Sai dai rigar matan Turawa ita kanta a bakin teku ta tsaya, wurin matan mishan da 'yan bokon Ikko, ba ta iso mana ba a wancan ƙarni.

Abin da ya iso mana daga baya shi ne abin da ya kassara sana'ar. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18, William Perkin, ya gano yadda ake haɗa rini daga kwaltar gawayin ƙasa. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baba na haɗi. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Daga nan yadin kanti ya malalo, keken ɗinki ya bazu, atamfa ta kori zanen saƙi a hankali, leshi da shadda suka biyo baya, hijabi kuwa sai daga ƙarshen shekarun 1970 ya fara yaɗuwa. Lefen ma da muke magana, asalinsa sunan kwando ne da ake saƙawa da kaba, daga baya aka koma kwalla, aka koma fantimoti, kafin a zo ga akwatunan da ɗan'uwanmu ya jere. Kowane ɗaya da zamaninsa, kuma marubuci ba shi da ikon ya ɗauko na baya ya kai gaba.

Inda muke tuntuɓe

Idan muka duba rubuce-rubucen da ke zuwa hannunmu, na littafi da na waya, za mu ga tuntuɓe iri huɗu.

Na farko shi ne wanda muka buɗe da shi, wato a tufatar da matan da da kayan Kantin Kwari. Wannan yakan faru ne domin marubuci ya yi bincike a kan sunayen sarakuna da wuraren da aka gwabza yaƙi, amma da ya shiga cikin gida sai ya ɗauka abin da ya gani a ɗakin mahaifiyarsa shi ne tun fil azal. An yi tuya an manta da albasa.

Na biyu shi ne gudun magana. Marubuci ya san bai sani ba, sai ya fake da cewa ta ci ado, ta sha kwalliya, ta fito cikin kaya na alfarma. Waɗannan kalmomi ba sa nuna wa mai karatu komai. Za ka iya ɗauke su daga kan 'yar sarki a 1850 ka ɗora wa ɗalibar jami'a a yau, ba abin da zai canza.

Na uku kishiyar na biyu ne, kuma ya fi yawa a labaran zamani. Tun a shekarun 1990, lokacin da aka yi ta muhawara a jaridu a kan adabin kasuwar Kano, masu suka sun yi ta ƙorafi a kan yadda ake cika shafi da kayan ƙawa. Har yanzu muna karanta shafi guda cur ana lissafa sunan atamfa da kuɗinta, da na takalmi, da na jaka, da na turare, kamar ana karanta takardar lefe a gaban dangin amarya. In an gama lissafin, abu ɗaya muka sani game da yarinyar, shi ne ubanta ko saurayinta yana da kuɗi. Wannan kuwa jimla ɗaya ta isa ta faɗe shi.

Na huɗu shi ne manta hannun da ya yi aikin. A labaranmu tufa daga sama take faɗowa. Ba ma ganin mai kaɗi, ba ma ganin marini da hannunsa da ya rine har gwiwa, ba ma ganin telan da ya kwana uku bai runtsa ba saboda sallah. Abin kunya ne wannan ya fito daga alƙalamin ɗan Wudil, garin da aka san shi da ɗinkin manyan riguna, inda yaro ke tashi yana ganin maɗinka a zaure sun duƙufa a kan aska takwas wata da watanni.

Bari mu gwada da amaryar ɗan'uwanmu. A ce turkuɗin da za ta ɗaura ranar kamu, mahaifiyarta ce ta yi damina biyu tana kaɗa zaren da aka sayar aka saye shi. A ce labarin yaƙi ya zo, hanyar birni ta toshe, maigida yana so a kai zanen kasuwa a mayar da shi hatsi, uwa ta ce sai dai bayan ranta. Ga rikici ya samu, daga cikin zamanin ya fito, ba a aro shi daga ko'ina ba. Sa'an nan duk wanda ya san turkuɗi ya san shuninsa yana zuba, yana kama fata, yana kama duk abin da ya goga. A ce bayan biki, ranar girkin uwargida, maigida ya shigo da farar riga, ga shuni a kafaɗarsa. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dubi kafaɗar, ta ajiye masa tuwo ta fita. Marubuci bai faɗi inda maigida ya biya ba, mai karatu kuwa ya sani. Da leshi ruwan hoda wannan fage ba zai yiwu ba.

Ga mai cewa labari ake so

Mun san akwai wanda zai ce mai karatu labari yake nema, ba darasin tarihi ba, kuma ƙagaggen labari ai sunansa ƙagagge. Akwai gaskiya a ciki. Ba muna kira ba ne a mayar da littafi gidan adana kayan tarihi, a tsayar da labari ana bayanin yadda ake haɗa baba da toka. Wanda ya yi haka ya faɗa tuntuɓe na uku ta wata ƙofa. Abu ɗaya ko biyu da aka zaɓa da kyau sun isa. Dickens takalmi ɗaya ya ajiye a kan tebur.

Amma ƙaga labari alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu. Ka ce masa ga shekarar da muke ciki, ya yarda ya biyo ka. Ranar da ya kama ka da akwati a zamanin Basasa, zai fara shakkar dawakinka ma. Bayan wannan akwai abin da ya fi mu damuwa. Yaran da ke tasowa ba daga litattafan masana suke ɗaukar hoton kakanninsu ba, daga labari da fim suke ɗauka. In muka nuna musu cewa matan da leshi suke sawa, mun shafe aikin dubban mata masu kaɗi da ya ciyar da ƙasar nan, mun kuma koya musu cewa ado bai taɓa zama namu ba sai da aka kawo mana a jirgi. Ga amarya tana sanye da rigar da Biktoriya ta yi yayinta a 1840, amma in ka ce mata turkuɗi sai ta ɗauka sunan gari ne.

Neman sanin kuwa bai yi nisa ba. Gidan Makama yana nan a birni. Marinar Ƙofar Mata tana nan, Kura tana nan. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen zannuwa da kayan saƙa waɗanda bakinmu ya manta. Mafi kusa kuma su ne tsofaffinmu na Utai da Indabo da Darki da Lajawa. Gaskiya ne tsohuwa mai shekara 85 a yau ba ta ga Basasa ba. Amma kakarta ta gani, kuma ita ta ga zanen kakar a cikin adaka, ta san ƙamshinsa, ta san ranar da ake fito da shi, wataƙila ma ta riƙe mazari da hannunta. Irin waɗannan iyaye kullum raguwa suke yi, kuma duk wadda ta tafi da kalmominta take tafiya. Ka sayi goro ka je ka gaishe ta, ka ce Iya, da me aka kai ki ɗaki, sa'an nan ka yi shiru ka buɗe littafinka.

Shawarar da muka ba ɗan'uwanmu ke nan a ƙarshen zaman, muka ce kada ya taɓa fagen dawakin nan, amma ya koma ya tuɓe wa amaryarsa leshi. Muna sa ran jin babin a zama na gaba, kuma shafukan mujallar nan a buɗe suke ga duk wanda yake da gyara ko ƙari a kan abin da muka faɗa, musamman 'yan'uwanmu mata, waɗanda suka fi mu sanin sirrin adaka.

Allah Ya sa mu dace, amin.